Marigayi Alhaji Adamu Ɗan Maraya Jos, mai kuntigin da ya yi wa karen mota waƙa

Jama'a masu karatu, musamman iyayenmu mata da ke wuni a gaban kwano da tiya, da ƴan'uwanmu fatake masu kwana a hanya, a wannan karo filin namu na tarihin waɗanda suka riga mu gidan gaskiya zai ƙetare iyaka zuwa birnin Jos na tarayyar Najeriya. Za mu kawo muku tarihin marigayi Alhaji Dakta Adamu Ɗan Maraya Jos, mawaƙin da muryarsa ta shafe shekaru fiye da 50 tana fita daga akwatunan rediyo a rumfunan kasuwa da tashoshin mota, tun daga Jos har zuwa nan Dakwaro.

Ɗan Maraya mutum ne da ya tashi ba uwa ba uba, ya kuma shiga sana'ar da manya suka riga suka cika ta, da jarin da bai wuce gwangwanin kifi da fatar akuya da tsirkiya ɗaya ba. Duk wanda ya taɓa kasa kaya a bakin hanya saboda ba shi da kuɗin kama rumfa ya san irin wannan farawa. Abin da ya fitar da shi kuwa shi ne, ya duba ya ga akwai ɗimbin jama'a masu cin guminsu waɗanda ba wanda ke yi musu waƙa, sai ya juya kuntiginsa wajensu.

Haihuwarsa da tasowarsa

Sunansa Adamu Wayya, kuma an haife shi a shekarar 1946 a garin Bukuru, kimanin kilomita 15 kudu da Jos. Bukuru a wancan zamani garin kuza ne. Tun farkon ƙarni na 20 kamfanonin Turawan Ingila suka soma haƙar kuza a kan tsaunukan Filato. A shekarar 1914 ƙaramin jirgin ƙasa daga Zariya ya iso yankin, sannan a 1927 babban layin dogo ya shigo Jos. Wannan ya sa mutane suka yi ta kwarara daga Kano da Katsina da Sakkwato da Barno, har da ƴan cirani daga wannan ɓangare namu da ke ƙarƙashin mulkin Faransa. Wasu da ƙafarsu suka je neman kuɗin haraji da na aure, wasu kuwa tilas aka kai su, domin tsakanin 1942 da 1944, lokacin yaƙin duniya na biyu, Turawa sun ɗebi dubban talakawa daga lardunan Arewa suka sa su aikin dole a ramukan kuza.

Saboda haka garin da Adamu ya buɗe ido a cikinsa gari ne na leburori da direbobi da ƴan dako da mata masu tuwon sayarwa, inda kusan kowa baƙo ne, kuma abin da mutum ya samu da hannunsa shi ne asalinsa. Mai karatu ya riƙe wannan, domin waɗannan mutane su ne za su cika waƙoƙinsa nan gaba.

Mahaifinsa makaɗi ne a fadar Sarkin Hausawan Bukuru. Ba a daɗe da haihuwar Adamu ba Allah ya yi wa mahaifin rasuwa, mahaifiyarsa ma ta bi baya tun yana jariri. Sarkin ne ya ɗauki yaron ya riƙe shi a gidansa, saboda zaman amana da ya yi da uban. Daga nan ne sunan Ɗan Maraya ya samo asali, ya kuma bi shi har kabari. Wani da ya samu ɗaukaka sai ya nemi ya binne irin wannan suna, amma shi da kansa ya riƙa kiran kansa da shi a gaban sarakuna da shugabanni, ya haɗa shi da sunan garin da ya zauna.

Tafiyar Maiduguri da samun kuntigi

Tun yana ƙarami aka ga hankalinsa ya karkata ga kiɗa, inda yakan raɓi makaɗan garin yana sauraro yana kwaikwayo. Bai kai shekarun balaga ba ya yi wata tafiya zuwa Maiduguri. A lokacin jirgin ƙasa bai kai can ba, sai a 1964 layin dogo ya isa Barno, don haka hanya ce ta manyan motoci masu bodin katako. A Maiduguri ya ga masu kaɗa kuntigi, abin ya shiga ransa, ya haɗa nasa da hannunsa. Daga ranar har ƙarshen rayuwarsa bai sake abin kiɗa ba.

Ga waɗanda suka san sautinsa amma ba su taɓa ganinsa ba, kuntigi ɗan ƙaramin abu ne da mutum zai iya sakawa cikin aljihun babbar riga. Akan samu gwangwanin kifi mai siffar ƙwai, a rufe bakinsa da fatar akuya, a soka masa sanda, a ɗaura tsirkiya guda ɗaya tak. Ɗan'uwan gurmi ne da garaya da molo, sai dai ya fi su ƙanƙanta da kaifin murya. Mai kaɗa shi yakan riƙe wani ɗan gajeren zubi yana maimaita shi da sauri, idan ya soma waƙa kuma sai ya riƙa sauya sautin tsirkiyar tana bin muryarsa sama da ƙasa, idan ya numfasa kuntigin ya cike masa gurbin.

A nan ne bambancinsa da manyan mawaƙan zamaninsa ya fito. Ibrahim Narambaɗa da Musa Ɗanƙwairo suna da kotso da ƴan amshi. Mamman Shata Katsina yana tafe da masu kalangu da ƴan amshi da maroƙa, ayari guda da sai an cika mota kafin a tashi. Shi kuwa Ɗan Maraya shi kaɗai yake tsayawa, shi ne makaɗi, shi ne mawaƙi, kuntigin kuma shi ne ɗan amshi. Ƴan kasuwa sun fi kowa sanin amfanin haka: wanda kayansa ba su da nauyi ba ya jiran babbar mota, kuma ba shi da mutum 10 da za su zauna rabon abin da aka samu. Amma akwai wahalarsa, domin wanda yake shi kaɗai ba shi da inda zai ɓuya. Idan maganarsa ba ta da nauyi, babu rugugin ganguna da zai rufa masa asiri. Dole kowace ɗiyar waƙa ta ɗauki ma'ana, kuma dole a ji kowace kalma sarai.

Waƙar Karen Mota

Tun kaka da kakanni, a ƙasar Hausa kowace sana'a da kiɗanta. Sarki yana da tambari da kakaki da algaita. Mahauta suna da kalangu, maƙera suna da dundufa, manoma suna da gangar noma, ƴan dambe da ƴan kokawa kowa da makaɗinsa mai yi masa kirari ya tuna masa iyaye da kakanni. Mutum ya ji an kaɗa takensa sai ya san yana da matsayi a cikin gari.

Sai zamanin Turawa ya zo da sababbin sana'o'i waɗanda ba a gada ba. Ga lebura, ga ɗan kamasho, ga karen mota, wato yaron direba, wanda mu a nan Nijar muka fi sani da aparanti. Waɗannan ba su da take, ba su da makaɗi. Sunan karen mota ma kansa ya isa ya nuna yadda jama'a suka ɗauki mai wannan aiki.

Waƙar da Ɗan Maraya ya fara fita da ita, wadda kuma har gobe tana cikin waɗanda aka fi saninsa da su, ita ce ta Karen Mota. A cikinta ya ɗauki salon yabon da aka saba yi wa masu mulki da masu dukiya, ya ɗora shi a kan yaron da ke loda fasinja da kaya, mai sauya taya idan ta fashe, mai tura mota idan ta mutu, mai shan baƙin mai da ƙura. Ya bi aikin nan dalla-dalla kamar wanda ya zauna cikinsa, ya nuna cewa direba da mai mota da fasinja duk a kan wuyan wannan yaro suke tafiya.

Duk wadda ta taɓa ɗauko buhunan wake ko gero daga ƙauyukan Dakwaro, ta bi ta Kornaka da Tibiri zuwa Maraɗi, ko wanda ya taɓa kora dabbobi cikin babbar mota ta Ɗan Isa zuwa Jibiya, ya san gaskiyar wannan magana. Idan mota ta kafe cikin rairayi, mai mota yana gida, direba yana riƙe da sitiyari, aparanti ne ke kwance ƙarƙashi yana tona da hannu yana shimfiɗa ƙarfe. Shi ne ke saman kaya cikin sanyin hunturu, shi ne kuma ke kwana gadin buhunanki a tasha. Da yawa daga cikin manyan direbobi da masu motocin da ake ji da su a yau ta wannan ƙofa suka shigo.

Waƙar ta karɓu nan da nan, domin mutanen tasha sun ji an ambace su a inda ba a saba ba. Su ne kuma masu yawo gari-gari, don haka suka ɗauki sunan mawaƙin suka kai shi duk inda taya ta taka. Ta haka yaron da ba shi da ubangida a fada ya samu iyayen gida dubbai, kowane da ɗan abin da zai iya bayarwa. Masu sayar da gishiri da magi ƙulli-ƙulli sun san wannan lissafi: ciniki ƙanana masu yawa sukan fi babban ciniki guda da ke hannun mutum ɗaya, wanda ran da ya juya maka baya kasuwarka ta watse.

Ba a ce Ɗan Maraya bai yi wa manya waƙa ba. Ya yi wa masu mulki da masu hali, kamar yadda sana'ar ta gada, kuma ya ci abinci da hakan. Haka zalika ba shi kaɗai ne ya waiwayi mutanen hanya ba, domin Shata da Haruna Uji mai gurmi su ma sun yi wa direbobi waƙa. Sai dai shi ya sauka har ƙasan tsani, ya kuma mai da rayuwar talaka ta zama jigon aikinsa.

Zamanin yaƙin basasa

A watan Yulin 1967 yaƙin basasa ya ɓarke a Najeriya tsakanin gwamnatin tarayya ƙarƙashin Yakubu Gowon da yankin gabas da ya ɓalle da sunan Biyafara, ba a kuma ajiye makamai ba sai a watan Janairun 1970. Ƙasarmu Nijar, a ƙarƙashin shugaba Diori Hamani, tana cikin waɗanda suka goyi bayan gwamnatin tarayya. Lokacin da yaƙin ya fara Ɗan Maraya yana da shekaru kimanin 21.

A cikin waɗannan shekaru ya yi waƙoƙi da dama na ƙarfafa gwiwar sojojin tarayya, inda yakan zana abin da ke faruwa a fagen daga kamar mai sauraro yana gani da idonsa. Su waye kuwa ƙananan sojojin nan? Akasarinsu ƴaƴan talakawa ne, manoma da leburori da yaran tasha da aka ɗauka aikin soja cikin gaggawa. Ke nan mutanen da ya saba yi wa waƙa ne suka sa kaki. Iyaye da matan da aka bari a gida kuma suna manne da rediyo suna jiran labari. Wannan zamani ya ƙara fitar da sunansa daga tashoshin mota zuwa ko'ina a Najeriya, ya kuma sa hukuma ta san da zamansa.

Waƙoƙin zaman aure da zaman duniya

Bayan yaƙi, Ɗan Maraya ya shiga cikin gida. A nan ne iyayenmu mata suka fi riƙe shi, domin ya taɓo abubuwan da ake yi a ɗaka a kuma yi shiru da su a zaure.

A waƙar Jawabin Aure ya jera irin ɓarnar da saki ke haifarwa, ya ja hankalin miji da mata da su zauna su sasanta kafin igiya ta tsinke. A waƙar Auren Dole ya fito fili ya soki iyayen da ke ɗaura wa ƴarsu aure da wanda ba ta so, ba tare da an nemi jin ta bakinta ba. Mai karatu ya tuna cewa a wancan lokaci wannan magana ba ƙaramar magana ba ce a bakin saurayi mawaƙi, wanda kuma iyayen nan da yake suka su ne masu ba shi kyauta a wajen biki. Duk da haka ya faɗa, kuma addini yana bayansa, tun da shari'a ta ce a nemi yardar mace kafin a aurar da ita.

Har yanzu wannan waƙa ba ta tsufa ba a wajenmu. Binciken lafiya da yawan jama'a da aka yi a Nijar a shekarar 2012 ya nuna cewa kashi 76 cikin 100 na ƴan mata an aurar da su kafin su cika shekara 18, kuma jihar Maraɗi tana sahun gaba. Gaskiya ne auren wuri daban, auren dole daban. Amma yarinya ƙarama ba kasafai take iya buɗe baki ta ce wa ubanta ba ta so ba, kuma kowa a cikinmu ya san gidan da aka yi irin wannan aure ya ƙare da yaji da gudu da zaman kotu, wani lokaci ma da abin da ya fi haka muni. Uwar da ta sha rana shekara da shekaru tana tara kuɗin gado da kwanoni, ita ce kan fara kwasar asara ran da aka dawo mata da kayan a kan amalanke.

Sai kuma Gulma Wuya, wadda ta fi sauran ban dariya, ta kuma fi su cizo. Labarin wata magulmaciya ce a unguwa da ta haɗa baki da boka, tana shiga gida-gida tana haddasa fitina tsakanin mata da mazajensu. A wannan waƙa Ɗan Maraya ya nuna wata baiwa tasa, inda yake sauya murya ya zama magulmaciyar, ya zama matar gida, ya zama bokan, duk shi kaɗai da kuntiginsa, tamkar wasan kwaikwayo na rediyo. Mata sukan yi dariya har da hawaye, amma kowace ta san wadda ake nufi a unguwarsu, ta kuma san kuɗin adashi nawa suka tafi wajen irin wannan boka.

Akwai kuma waƙoƙinsa na zaman duniya, irin su Mai Akwai da Babu, wadda ta tsaya kan zaman mai hali da marar hali a gari ɗaya, da Ɗan Adam Mai Wuyar Gane Hali, wadda sunanta ya shiga bakin jama'a har wanda bai taɓa jin waƙar ba yakan faɗe shi ran da wanda ya ba bashi ya sauya hanya. Hausarsa a duk waɗannan waƙoƙi mai sauƙi ce, irin ta Jos, wadda Bahaushe da wanda ya koyi Hausa a kasuwa duk za su gane. Wannan ya sa Birom da Angas da Tibi da Yarabawa da Zabarmawa da Buzaye suka saurare shi kamar nasu.

Yadda muryarsa ta iso Nijar

Abu uku ne suka kawo Ɗan Maraya ƙasarmu. Na farko rediyo. Gidan rediyon Kaduna, wanda aka buɗe a 1962, ana kama shi a gajeren zango har cikin rugage da ƙauyukan arewacin Dakwaro, kuma gidan rediyon ƙasa na Yamai shi ma yana sa waƙoƙin Hausa daga ƙetaren iyaka. Na biyu kaset, wanda ya maye gurbin faifan garmaho, ya kuma yi arha har mai shayi da mai tsire suka iya mallakar rikoda. Na uku su ne direbobi da fatake da ƴan cirani, masu dawowa gida gab da damina da kaset a cikin jaka. Da aka buɗe gidajen rediyo masu zaman kansu a Nijar daga tsakiyar shekarun 1990, sai waƙoƙinsa suka samu sabuwar ƙofa, kuma mu da ke gabatar da filin gaishe-gaishe mun san cewa har yau ana neman su, musamman daga bakin direbobi da matan aure.

Kunnen mutanen Nijar dama ya saba da mawaƙi mai tsirkiya da ke tsayawa ya faɗa wa jama'a gaskiya. Muna da Mamman Gawo Filinge da gurminsa, muna da Malam Mamman Barka, malamin makaranta da ya yi suna da gurmi kafin ya koma ga biram na mutanen tafkin Chadi, wanda ya rasu a 2018. Don haka Ɗan Maraya bai zo mana a matsayin baƙo ba.

Takwarorinsa na Amurka

Tsofaffin ƴan kasuwa za su tuna cewa a teburin mai sayar da kaset, kusa da na Shata da na Ɗan Maraya, akan ga na wasu Turawa masu malafa da jita, irin su Jim Reeves da ya rasu a haɗarin jirgin sama a 1964, da Don Williams da ya rasu a 2017. Irin kiɗansu shi ake kira kantiri, wato kiɗan mutanen karkarar kudancin Amurka, wanda cibiyarsa take birnin Nashville. Mutum ɗaya ne yakan rungumi jitarsa ya yi waƙa a kan manomi da direban babbar mota da bashi da mutuwar aure da kewar gida. Ko da ba a jin Turancin, jama'armu sun ji wani abu da suka sani a cikin wannan kiɗa.

Akwai ma dangantaka ta jini. Banjo, ɗaya daga cikin kayan kiɗan da aka gina kantiri a kansu, asalinsa daga Afirka ta Yamma ne. Bayin da aka kwasa zuwa can su suka riƙa haɗa shi da ƙwarya da fata da sanda, kamar yadda ake haɗa gurmi da molo a nan. Ke nan kuntigin Ɗan Maraya da banjon Amurka ƴan gida ɗaya ne da teku ta raba. Aikin da mawaƙan kantiri suka yi wa talakan ƙasarsu da tsirkiya 6 ta jita, shi ne Ɗan Maraya ya yi wa namu da tsirkiya 1.

Girmamawa da ƙarshen rayuwa

Kuntigin gwangwani ya kai mai shi inda bai taɓa zato ba. Ya wakilci Najeriya a bukukuwan al'adu a ƙasashen Turai da Amurka da sauran sassan duniya. Gwamnatin tarayya ta ba shi lambar girma ta ƙasa, Jami'ar Jos kuma ta ba shi digirin girmamawa na dakta, abin da ya sa ake kiransa Dakta Adamu Ɗan Maraya. Ɗalibai a jami'o'in Kano da Zariya da Sakkwato sun yi ta rubuta kundayen bincike a kan waƙoƙinsa, har masana daga ƙasashen waje sun yi nazarinsu. Maraya ɗan makaɗi, wanda aka haifa cikin sana'ar da wasu ke yi wa kallon roƙo, ya zama abin karantawa a aji.

Shekarunsa na ƙarshe sun zo daidai da lokacin da garin da yake ɗauke da sunansa ya shiga mawuyacin hali. A watan Satumban 2001 rikicin ƙabilanci da addini ya ɓarke a Jos, aka yi asarar rayuka masu yawa. A watan Fabrairun 2002 babbar kasuwar Jos, wadda ake ƙirgawa cikin manyan kasuwannin Afirka ta Yamma, ta ƙone, dubban ƴan kasuwa suka wayi gari ba jari. Rikici ya sake dawowa a 2008 da 2010, unguwanni suka rabu, maƙwabtan da suka yi shekaru suna cin kasuwa ɗaya suka koma tsoron juna. Mutane da yawa sun kwashe iyalansu sun bar garin. Ɗan Maraya ya ci gaba da zama a Jos, kuma yana cikin ƴan ƙalilan da kowane ɓangare ke kira nasa.

Allah ya yi masa rasuwa a Jos ranar Asabar 20 ga watan Yunin 2015, cikin kwanakin farko na azumin Ramadan, bayan ya yi fama da rashin lafiya, yana da shekaru kusan 69 a duniya. An yi jana'izarsa kamar yadda addinin Musulunci ya tanada. Shugabanni sun aika da ta'aziyya, gidajen rediyo a Najeriya da Nijar da sassan Hausa na ƙasashen waje sun yi ta sa waƙoƙinsa.

Abin da ya bari

Yau kaset ya wuce, waƙoƙin Ɗan Maraya sun koma cikin wayoyin hannu, ana tura su daga waya zuwa waya. Masu kaɗa kuntigi sun yi ƙaranci, matasan mawaƙa sun koma situdiyo da kiɗan na'ura. Amma mutanen da ya yi wa waƙa suna nan ba su ragu ba. Aparanti yana nan a saman kaya, ɗan dako yana nan da buhu a ka, ga kuma sababbin da suka shigo bayansa, irin su ɗan kabu-kabu da mai tura ruwa a kura da yarinya mai tallar da ba ta ga aji ba. Yawancinsu har yanzu ba su da mai yi musu take.

Ga mawaƙanmu na yanzu, wannan rumfa ce da mai ita ya tashi ya bari a buɗe. Ga mu sauran jama'a kuwa, abin da ya rage shi ne mu duba yadda muke yi da waɗannan bayin Allah: ko muna biyan ɗan dako haƙƙinsa kafin guminsa ya bushe, ko muna kiran yaron mota da sunan da ubansa ya raɗa masa, ko muna tambayar ƴarmu kafin mu karɓi goron wani.

Allah ya jiƙan Alhaji Adamu Ɗan Maraya Jos, ya gafarta masa kurakuransa, ya saka wa sarkin da ya riƙi maraya da alheri. Mu kuma idan tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani, amin.